Ba-Yoyo Ya Ɗinka Takunkumi

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu kwashi rabonmu.

To ku gyara zama, ba sauri muke yi ba.

A shekarar da annobar tari da sarƙewar numfashi ta sa aka kulle mutane a gidajensu, akwai wani mai facin taya, dattijo mai gemu har ƙirji, wanda kowa a unguwa ke kira Ba-Yoyo. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Duk tayar da ya yi wa faci, sai ya tsoma tub ɗin, wato robar cikin taya, a daron ruwa, ya kira mai abin ya ce, "Leƙa da kyau. Ka ga kumfa? Babu. Iskar da na tsare sai dai ta tsufa a ciki, amma ba yoyo." Shekara talatin yana faɗar haka a bakin titi. Da aka kulle gari rumfarsa ta rufu, bakin kuwa bai rufu ba. Ya kwaso shi ya dawo da shi tsakar gida, matarsa Inna ita kaɗai take sha.

Wata safiya wayar Inna ta yi ƙara. Surukinsu ne, mijin 'yarsu tilo da suke kira Lele. Lele ta sauka lafiya a asibiti, an samu ɗa namiji, jikansu na fari. Surukin ya ce gobe daga ƙarfe goma zuwa sha ɗaya za a bar mutum biyu su shiga dubiya, kowa da takunkumi a fuska. Daga nan za a sallame su, su wuce gidansa can ƙarshen gari. Ga shi ba a barin kowa ya tsallaka daga unguwa zuwa unguwa sai mai zuwa asibiti. Wanda bai ga jariri gobe ba, sai ranar da aka buɗe gari, ranar da ba wanda ya san ta.

Inna ta yi hamdala tana share hawaye. Ba-Yoyo ya zagaya tsakar gida sau uku yana shafa gemu, yana cewa, "Ni ne zan fara ɗaukarsa. Yaro ya buɗe ido ya ga namijin duniya, sai ya taso da ƙarfin zuciya."

Inna ta ce, "Sai ka fara samun takunkumi tukuna, don ba mu da ko ɗaya. Bari in yi wa Tela magana."

Tela maƙwabcinsu ne, katanga ɗaya ce tsakani, kuma ba ta fi kafaɗar mutum ba. Tun da aka rufe shagonsa ya fito da kekensa ƙarƙashin rumfa yana ɗinka wa mutanen layi takunkumi. Inna ba ta gama rufe baki ba sai ga sanda ta leƙo ta saman katanga da guda biyu a rataye.

Tela ya ce, "Barka da arziki, Inna. Allah ya raya. Ga naki, ga na maigida."

Inna ta cire nata ta ƙulle a gefen zani. Ba-Yoyo ya cire nasa da yatsu biyu, ya ɗaga shi sama ya duba, ya kara a baki, ya sa tafin hannu ta gaba ya hura. Sai ya ja da baya kamar ya taka wuta.

"Yoyo! Maƙwabci, rariya ka ba ni in ɗaura a fuska?"

Tela ya ce, "Ninki biyu ne, yadin auduga. Feshin tari yake tarewa. Iska kam dole ta wuce, ai mutum ne a ciki."

"Cutar nan a me aka ce tana yawo?"

"A iska."

"To wa ya fi ni sanin iska a garin nan? Kai riga ka sani da wando. In riga ta ɓule, mutum ya sha iska ya ji daɗi. In taya ta ɓule, sai a kwana a hanya. Karɓi abinka. Kafin la'asar zan ɗinka wanda ko hayaƙi bai isa ya ratsa shi ba."

Ya mayar da takunkumin kan sanda. Tela ya ce, "Allah ya ba da sa'a. Kana da allura dai?"

"Ina da ilimi. Allura kowa yana da ita."

Inna tana da tsohon keken ɗinki na hannu a ƙarƙashin gado, an daɗe ba a taɓa shi ba. Ba-Yoyo ya jawo shi tsakar gida, ya murza hannun ya ji da tauri. Ya ɗauko galan na baƙin man inji ya tuttula masa ta ko'ina, har ya malalo kan tabarma.

Inna ta ce, "Baban Lele, ɗigo biyu ake sa masa, kuma farin mai."

"Shi ya sa ya rame. Kin bar shi da yunwa."

Saura yadi. Ya duba nan, ya duba can, idonsa ya sauka a kan labulen ƙofar ɗaki. Inna ta shiga kicin ke nan. Ya ɗauko murfin tukunya ya kara a fuskarsa, ya ga ya rufe daga hanci zuwa haɓa, ya ce awo ya yi. Ya ɗora murfin a tsakiyar labulen, don a ganinsa gefe ya sha rana, ya zana da gawayi, ya bi da almakashi.

Can Inna ta shiga ɗaki ɗauko wani abu. Da za ta fito sai ga fuskarta cif a cikin ramin, ido biyu suna kallonsa.

"Taga ka yi mana?"

"Da ma ɗakin nan duhu ya yi masa yawa, na daɗe ina son in gaya miki."

Ya zauna ya kama hannun keke da irin ƙarfin da yake ba taya iska da famfo. Keke ya ɗauka da gudu, tatatata, mai yana fantsama a bango. Ba-Yoyo yana murzawa yana kirari, bai duba ƙasa ba sai da ya ji an ja shi gaba. Hannun rigarsa ya bi yadi ya shige, an ɗinke su tare tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Ya miƙe, keke ya miƙe tare da shi.

Akwai gidan bene a tsallaken layi, kuma daga barandarsa ana ganin tsakar gidan Ba-Yoyo tar. Mutanen benen zaman gida ya ishe su, sun ƙirga tsuntsayen unguwa har sun gaji. Wani direba da ke zaune a can ya hango abin da ke faruwa, ya ƙwala wa matarsa kira, matar ta kira maƙwabciyarta. Kafin wani lokaci baranda ta cika, har da masu kujera.

Direba ya ɗaga murya, "Baba, keken ma asibitin za shi?"

Ba-Yoyo ya ce, "Gwajin ƙarfin zare nake yi. Ka tsaya a kan abin da ka sani."

Sai da Inna ta zo ta yanke hannun rigar daga kafaɗa ya samu kansa. Ya ci gaba da aiki da hannu ɗaya a riga, ɗaya a waje.

Da azahar takunkumi na farko ya fito, baƙi ƙirin da mai, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ba-Yoyo ya cika daronsa na faci da ruwa, ya ɗaura takunkumin, ya durƙusa, ya ce wa 'yan baranda, "Ku kalli yadda ake gwada aiki." Ya tsoma fuska ya hura. Ruwa ya yi ɓul-ɓul-ɓul kamar tukunya a wuta. Ya ɗago yana tari, ruwan baƙin mai yana zuba daga gemunsa.

Tela ya leƙo ta katanga ya ce, "Maƙwabci, na ji kamar an samu yoyo."

"Ninki ne ya yi kaɗan. Na san da haka, so nake yara su gani su koya."

Labule ya samu taga ta biyu, ta uku, har ta shida. Ba-Yoyo ya tara yadin da ya yanko wuri ɗaya ya cusa a ƙarƙashin allura. Allura ta ce ƙas. Ya sa wata, ta ce ƙas. Ta ukun da ta karye, gutsurenta ya tashi ya bugi kwanon wanke-wanke ya yi ƙara.

Inna ta ce, "Ta ƙarshe ke nan. Uwata ce ta bar mini keken nan, shekara arba'in bai taɓa cin allura uku a yini ɗaya ba."

"Ai bai taɓa haɗuwa da aiki ba ne."

Ya ture keken gefe, ya zauna ya yi tagumi. Can sai ya buga cinya ya yi dariya.

"Ni ma da neman wahala! Ga abin da aka yi don tsare iska a rataye a bango, ina ta fama da tsumma."

Ya sauko da wani tsohon tub na babur. Ya yanko faffaɗan yanki daidai murfin tukunya, ya kankare shi da ƙarfen goga yadda yake yi kafin faci, ya shafa gam, ya hura har ya sha iska, ya manna shi tsakanin yadi biyu. Ya ɗora a kan dutse ya bi shi da guduma. Ya ɗinke gefen da basilla da zaren ɗinkin buhu. Maɗauri ma daga tub ɗin ya yanko, ya ce igiyar Tela wasan yara ce.

Ya maƙala roba a kunnen dama, ya ja ɗayar da ƙarfi zuwa na hagu. Kunnuwan biyu suka naɗo gaba kamar za su gaisa. Ya buɗe baki zai yi magana, robar ta suɓuce. Takunkumi ya tashi sama fiu, ya tsallake katanga. Aka ji wani abu ya ce tsulum, aka ji Tela ya yi salati.

Jim kaɗan sanda ta leƙo, abin yana ɗiga a bakinta.

"Maƙwabci, wani jemage ya faɗo mini a kofin shayi. Naka ne?"

'Yan baranda har da masu riƙe ciki. Ba-Yoyo ya fizge abinsa. Ya sauya dabara, ya yi maɗauri biyu masu zagaye ƙeya. Ya ɗaura, ya durƙusa gaban daro, ya tsoma fuska. Ruwa ya tsaya cik, ko motsi. Ya ɗago da sauri ya fincike takunkumin yana haki, ya ɗaga shi sama.

"Ba yoyo! Kun ga kumfa? Ku faɗa tsakaninku da Allah!"

Direba ya ce, "Ba mu gani ba, Baba. Amma ƙirga biyar ka yi a ciki. Dubiya kuwa awa guda ce."

Inna ta ce, "Shi ne nake son in tambaya. Ta ina za ka yi numfashi?"

Gaskiya wannan bai zo wa Ba-Yoyo a rai ba. Amma nan take ya samo amsa.

"Kin taɓa ganin tayar da ba ta da baki? Aiki ne bai ƙare ba."

Ya yanko bawul ɗin tub ɗin, ɗan bututun ƙarfen nan da ake ba taya iska ta cikinsa, ya huda tsakiyar takunkumi ya dasa shi, ya kewaye da gam. Bawul ɗin ya tsaya a gaba zaƙo-zaƙo kamar bakin tsuntsu.

"Gobe ki saka famfo a jakarki. In na ɗaga miki yatsa, ki ba ni uku ko huɗu."

Inna ta ce, "Ni jika zan je gani. Ba zan tsaya gaban surukina ina yi wa mijina famfo ba."

Da ya ga ta kafe, sai ya kwance 'yar allurar cikin bawul ɗin, ya bar rami kamar na tsinken tsintsiya. Ya gwada. In ya ja numfashi sai abin ya ce fiii, in ya saki ya ce fuuu.

Tela ya ce, "To wannan ba yoyo ba ne?"

"Wannan ƙofa ce, kuma ni ne maigadinta. Naka kuwa gida ne ba katanga."

Washegari ya sa rigarsa mafi kyau, ya taje gemu, ya ɗaura takunkumi a gaban madubi. Sai ya ji iska tana ɗan silalewa ta gefen kumatu, inda gashi ya ɗaga robar. Ransa ya ɓaci. Ya lakato gam ya zagaye bakin takunkumin ta ciki, ya ce ɗan kaɗan ne don ya zauna daram. Ya mayar, ya danna da tafin hannu biyu ya ƙirga ashirin, yadda yake yi wa faci.

Asibitin ba nisa, da ƙafa suka tafi. Inna tana gaba da na Tela a fuska, shi yana baya, fiii, fuuu. Mutanen da ke tsaye a ƙofar gidajensu suka riƙa ɗaga kai suna neman tsuntsun. Wani kare ya bi su har suka wuce layi biyu yana karkata kai. Rana ta ɗaga, roba ta ɗauki zafi, warin gam ya cika masa hanci. Kafin su kai ƙofar asibiti rigar ta jiƙe sharkaf.

Suka shiga layi, kowa a kan zanen da aka yi masa a ƙasa. Maigadi yana tsaye da 'yar na'urar auna zafin jiki, yana kara wa kowa a goshi. Ya auna Inna ya ce ta wuce. Ya zo kan Ba-Yoyo ya tsaya. Ya kalli bawul, ya kalli jajayen idanu, ya kalli ƙirjin da ke hawa da sauka. Ya kara na'ura, ta yi ƙara. Ya girgiza ta ya sake karawa, ta sake yin ƙara.

"Baba, jikinka da zafi sosai. Kana tari?"

Ba-Yoyo ya so ya ce lafiyarsa ƙalau, takunkumin ne mai inganci. Abin da ya fito shi ne, "Mmm, fiii."

"Numfashi yana yi maka wuya?"

Ya girgiza kai da ƙarfi don ya musa. Girgizar ce ta ƙarasa shi. Ƙofar asibiti ta zama biyu, maigadi ya zama uku, sai ga Ba-Yoyo zaune daɓas a ƙasa. Ya kai hannu zai cire takunkumi, ashe gam ya kama gemu ya riƙe gam-gam. Ya ja, ya yi ƙara, bawul ya ce fiiiii.

Wata mata a layi ta ce, "Wayyo, mai cutar ne!"

Layi ya watse. Wani ya bar takalmi ɗaya, wata ta bar kwandon abinci. Sai ga ma'aikata biyu cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, sun turo gado a guje.

Inna tana ta cewa, "Ba cuta ba ce, 'ya'yana, faci ne! Wallahi faci ne!"

Wata babbar nas ta biyo su. Ta sunkuya, ta ƙwanƙwasa bawul da farce, ta shinshina, ta ɗago ta kalli Inna.

"Mama, wannan ba bakin taya ba ne?"

"Shi ne. Na babur."

"Wa ya ɗaura masa?"

"Shi ya ɗaura wa kansa. Ni ko zare ban riƙe masa ba."

Nas ta ciro almakashi ta datse maɗaurin. Takunkumi bai faɗo ba, yana nan maƙale. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ko gemu ko rai." Ta bi ta ƙarƙashi tana yanka. Da abin ya rabu da fuskarsa, ya tafi da gemun ɓangaren dama gaba ɗaya da rabin gashin baki. Ba-Yoyo ya ja wata iska mai tsawo har sai da maigadi ya matsa baya.

Maganarsa ta farko ita ce, "'Yata, kin dai shaida ko kaɗan bai yi yoyo ba."

"Na shaida, Baba. Saura kaɗan mu shaida har da jana'iza."

Ya yunƙura zai tashi, ya ce jikansa yana jiransa. Nas ta dafa kafaɗarsa. Ta ce doka ce, duk wanda ya faɗi a bakin ƙofa da zafin jiki sai ya zauna a rumfar gwaji har zafin ya sauka, likita ya duba shi. Inna kuwa lafiyarta ƙalau, tana iya shiga.

Ba-Yoyo ya ce, "Innar Lele, ki jira ni mana, minti biyar ne."

Inna ta kalli agogon bango, goma da kwata. Ta ce, "Zan gaishe maka da shi." Ta shige.

Likita bai samu zuwa ba sai bayan sha biyu. Ya duba shi, ya ce ba abin da ke damunsa, ya ba shi takunkumin asibiti, ya roƙe shi don Allah kada ya yi masa gyara. Ba-Yoyo ya fito da gudu. Daidai nan wata farar mota tana fita daga ƙofa, mace a baya rungume da jariri cikin tawul. Ya bi motar yana ɗaga hannu yana kiran Lele. Gilashi a rufe, mota ta ƙara wuta. Amma kafin ta sha kwana ya hango 'yar ƙafa ta leƙo daga tawul.

Ya iso gida ya tarar Inna ta riga shi, don ba a barin kowa ya tsaya a harabar asibiti. Tana zaune tana tsince shinkafa a faranti. Tela yana bakin katanga, baranda a cike. Labari ya riga shi isowa, ga kuma rabin gemu yana leƙowa ta gefe ɗaya.

Direba ya ce, "Sannu da dawowa, Baba. An ce ba ka ga jika ba."

"Wa ya ce? Na gan shi da idona a mota. Ƙafarsa na gani, kuma ƙafa ita ce mutum. Ku zo ku ga ikon Allah." Ya cire takalmi ya ɗora ƙafa a kan turmi. "Kun ga babban yatsan nan da ya karkace? Haka nasa yake. Kun ga faɗin dunduniya? Sak. Ko a cikin jarirai dubu aka ajiye shi, zan ce wannan jinina ne."

Inna ta bari ya gama. Ba ta ɗago daga farantin ba ta ce, "Wace irin mota?"

"Fara."

"Su Lele a jar mota suka tafi, tun sha ɗaya da rabi, ta ƙofar baya. Ni na rufe musu ƙofar motar da hannuna."

Ba-Yoyo yana tsaye da ƙafa ɗaya a kan turmi. Ja da baya ba halinsa ba ne, don haka ya ce, "To ko ɗan waye, ni dai na rantse ƙafar nan tawa ce."

Inna ta ajiye faranti a hankali. Ta kakkaɓe hannu, ta gyara ɗaurin zani, ta miƙe.

"Maimaita, Baban Lele, ban ji da kyau ba. Ɗan wace mata ce yake yawo a gari da ƙafarka?"

Kan Tela ya nutse a bayan katanga, ana jin yana shaƙewa da dariya. Direba ya ce wa matarsa ta ƙaro kujeru.

Ba-Yoyo ya sauke ƙafa, ya mayar da ita cikin takalmi, ya kai hannu zai shafa gemu ta ɓangaren da babu.

Ya ce, "Da na sake tunani, motar tana gudu sosai. Ga idona bai gama washewa ba. Ƙila ma hannu ne."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Nan ta tsaya, nan na tsaya, wanda ya ce na ƙara mata gishiri ya je ya ƙirga tagogin labulen Inna.